Taswirar Da Ke Bangon Ajinmu

Mu 'yan Gyallesu da muka gama firamare a 1992, da bulala muka koyi duniya. Malaminmu na labarin ƙasa dogon mutum ne, ba ya dariya sai ƙarshen wata, kuma yana da wata tsumagiya da take yi masa aiki biyu: da ita yake nuna ƙasa a jikin taswira, in ka kasa faɗin sunanta kuma da ita yake nuna maka kuskurenka. Taswirar tana rataye kusa da allo. Gara ta ci wani sashe na tekun Fasifik, yoyon damina ya bar tabo a kan Kanada, amma sauran duniya tana nan daram, kowace ƙasa da launinta, kowace da baƙin zaren da ya kewaye ta. Mun ɗauka haka aka halicce ta. Yadda Allah ya dasa Dutsen Kufena, ya kwantar da Kubanni a inda take, haka muka zaci ya ja wa Najeriya zarenta.

Kafin mu tafi dogon hutun 1991, akwai amsoshi uku da ko daga barci aka tashe mu za mu faɗa. Jihohin Najeriya 21 ne. Babban birninta Legas. Ƙasar da ta fi kowace girma a duniya ita ce Tarayyar Sobiyet, wadda ta rufe saman taswirar nan kamar bargo. Akwai ɗayanmu da ya taɓa cewa Abuja ce babban birni, don ya ji ana yawan ambatonta a rediyo. Ya sha shida masu kyau.

Ran 27 ga Agusta, muna tsakiyar hutu, Janar Ibrahim Babangida ya ƙara jihohi tara. Aka ciri Jigawa daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Yobe daga Borno, da sauransu. Da muka koma, Malam ya goge 21 ya rubuta 30, bai ce komai ba. Ran 12 ga Disamba gwamnati ta tashi daga Legas ta koma Abuja. Kafin watan ya ƙare Tarayyar Sobiyet ta watse, ta zama ƙasashe 15. Muka dawo a Janairu, amsoshin nan uku duk sun zama kuskure, wanda aka daka saboda Abuja kuwa ba wanda ya ba shi haƙuri. Taswirar ba ta motsa daga bango ba. Har muka bar makarantar tana nuna Jamus biyu, alhali tun 1990 suka haɗe.

A ranar ne wani abokinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai wa yake canjawa?"

Malam ya dube shi ya ce, "Manya." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Kai dai ka rubuta abin da na ce."

Wannan abokin namu shi muke kira Ɗan Faranshi. A Gyallesu aka haife shi, a nan aka yanke masa cibiya. Mahaifiyarsa 'yar cikin birni ce. Mahaifinsa, wanda dukanmu muke kira Baba, shi ne ya taso daga wani ƙauye kusa da Maraɗi yana saurayi, ya zo neman karatu wajen malaman zauren Zazzau, kamar yadda almajirai suka saba tun kaka da kakanni. Karatu ya yi nisa, guzuri ya ƙare, ya kafa teburin shayi a hanyar Kongo, ya yi aure, ya zauna. Har ya tsufa bai daina cewa "tahi" da "lakwal" ba, mu kuwa abin tsokana ya samu. In Malam ya ɗora tsumagiya a kan Nijar, duk aji sai a juya a dubi Ɗan Faranshi, wanda a lokacin ko Funtuwa bai taɓa zuwa ba.

Nahiyoyi bakwai muka haddace, muna rera su kamar karatun allo: Asiya, Afirka, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Antaktika, Turai, Ostireliya. Haddar ta yi mana rana, don har yau in ana labarin yaƙi ko girgizar ƙasa mun san inda za mu ajiye shi a ka. Sai da muka girma muka gane ko a nan ma akwai hannun manya. Afirka dai ruwa ya kusa kewaye ta: Bahar Rum a arewa, Atilantika a yamma, tekun Indiya da Bahar Maliya a gabas. Ɗan wuyan ƙasar da ya haɗa ta da Asiya shi ma mutane ne suka yanka, suka haƙa mashigin Suwez aka buɗe a 1869, kuma a nan ne Masar take da ƙafa ɗaya a Afirka, ɗayar, wato Sina'i, a Asiya. Tsakanin Turai da Asiya kuwa babu tekun da ya raba, ƙasa ce shimfiɗe tun daga Fotugal har Sin. Masana ne suka ga dama suka ce a ɗauki duwatsun Ural su zama iyaka. Mutumin Santambul yakan karya kumallo a Asiya, ya haye gada ya tafi aiki a Turai, bai bar garinsu ba. A wasu ƙasashen ma nahiya shida ake koya wa yara, don ana haɗe Amurka biyun a ƙirga ɗaya. Da a can aka haife mu, da amsar da za ta cece mu daga bulala daban ce.

Abin da ya fi ba mu haushi da muka sani shi ne maganar girma. A taswirar ajinmu, Girinlan, farin tsibirin nan na can sama, ta kusa kai Afirka faɗi. Ashe Afirka, mai murabba'in kilomita kusan miliyan 30, ta ninka ta sau 14. Duniya dunƙulalliya ce, ba yadda za a shimfiɗa ta a takarda ba a ja wani wuri ba, kamar mai son miƙar da ɓawon lemo a faranti. Wanda ya tsara irin wannan zane, Gerardus Mercator, a 1569 ya yi shi don matuƙa jiragen ruwa su riƙa bin hanya a miƙe, kuma ya yi musu amfani. Sai dai zanen yana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya, mu na kusa da tsakiya muka fito a tsuke. Ba mu ce da gangan aka yi mana ba. Amma yaro ya shekara shida yana kallon nahiyarsa a tsuke, dole wani abu ya zauna masa a rai.

A gida kuwa wata duniyar ake koya mana, ba da takarda ba. Kakanninmu mata ba su san nahiya ba, amma sun san Gabas. Gabas ita ce hanyar da mutum zai bi ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tafe yana noma ko ɗinki don guzuri, shekara biyu ko bakwai, har ya kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin ya haye zuwa Jidda. Wasu ba su kai ba, wasu sun kai ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, jikokinsu suna can har yau. Tsofaffin nan sun san Gwanja, inda fatake suke zuwa sayen goro a kasuwar Salaga, a arewacin Gana ta yanzu. Sun san Kurmi, sun san Agadas, sun san Bilma inda gishiri yake fitowa, sun san Birnin Sin a matsayin wurin da ya fi ko'ina nisa, bayansa sai bangon duniya. A irin wannan labarin ƙasa ana auna wuri da kwana nawa za a yi kafin a kai, akwai rijiya a hanya ko babu, sarkin wurin yana da adalci ko a'a. Iyaka akwai ta a lokacin, kada mu yi wa kanmu ƙarya. An yi yaƙi a kanta, an kama mutane a bakinta an sayar, Zazzau ma ta yi suna a wannan. Sai dai faɗi gare ta: daji ne tsakanin ƙasar wannan sarki da ta wancan, wanda mai ƙarfi a shekarar yake matsawa. Ita kanta taswirar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, an ba shi taswira daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello mai nuna kogin Kwara da garuruwa da hanyoyi, ya tafi da ita Ingila aka buga.

Mu kanmu a bakin iyaka muka tashi, ba mu lura ba. In muka je Kano aka tambaye mu, mu ce 'yan Zariya ne, a yi mana tsiyar da ake yi wa Zazzagawa, mu rama. In muka shiga ta Ƙofar Doka muka je gidan dangi a Kwarbai ko Unguwar Juma, sai a ce 'yan waje sun zo. Ganuwar ta zube a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta an yi gini, ga gadar sama yanzu a Ƙofar Doka, amma a bakin mutane tana nan tsaye: akwai ɗan birni, akwai wanda ba shi ba. Turawa da suka zo suka ɗora nasu rabon a kai. Birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada ta baƙi 'yan Arewa, Sabon Gari a ƙetaren Kubanni na mutanen Kudu da ma'aikatan jirgin ƙasa, su kuma suka ware unguwarsu can gefe. Yau in ka tashi daga Tudun Wada ka haye gada ka nufi Sabon Gari, ka bar ƙaramar hukuma ɗaya ka shiga wata. Akwai kuma iyakar da ba a zana a ko'ina ba: tun abin da ya faru a unguwarmu a Disambar 2015, in ka ce daga Gyallesu kake, akwai wuraren da sai an sake dubanka. Wannan maganar wata rana ce.

Kakar ɗayanmu ba ta taɓa kwana a wajen Zariya ba. An haife ta a Lardin Zazzau, ta yi aure a Jihar Arewa ta zamanin Sardauna, ta yi goyo a Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, ta aurar da 'ya'ya a Jihar Kaduna daga 1976, a 1987 kuma aka wayi gari ƙanenta da ke Funtuwa ya zama ɗan wata jiha, Katsina. Ita dai tana ɗakinta.

Duk wannan hira ce kawai, har shekarar da muka gama sakandare muka fara neman gaba. Kowace takarda ka cika sai an tambaye ka jiharka ta asali da ƙaramar hukumarka, kuma sai ka kawo shaida. Muka tafi tare mu biyar, muka bi layi. Huɗu muka fito da tamu. Da aka zo kan Ɗan Faranshi, ma'aikacin ya tambaye shi garin mahaifinsa, shi kuwa bai iya ƙarya ba. Mutumin ya ajiye biro ya ce, "To ai kai ba ɗan nan ba ne." Ya ce a nan aka haife shi. Aka ce an ji. Ya ce mahaifiyarsa 'yar birni ce, gidansu sananne ne. Aka ce asali ta wajen uba ake bin sa.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, tsarin mulkin ƙasar nan ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Yana nan a sashe na 25 na tsarin mulkin 1999. Wato abokinmu cikakken ɗan Najeriya ne, amma a cikin ƙananan hukumominta 774 babu wadda ta ce nata ne. Da ya je garin mahaifinsa daga baya kuwa, ɗan Najeriya suke ce masa, don ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba, Hausarsa ma ta Zazzau ce tsantsa.

Mun ba shi shawarar da kowa yake bayarwa: ka koma ka ce Baba ɗan wani ƙauye ne a nan kusa, a samu wanda zai sa hannu. Mutane da yawa haka suka yi, kuma har yau ba mu ga laifinsu ba. Shi ya ƙi, ya ce ba zai canja wa ubansa gari yana raye ba. Muka ce taurin kai ne. Shekarar ta wuce shi, ta biyu ma ta wuce, ya shiga kasuwa. Yau yana da shagon hatsi, ya fi wasunmu masu digiri rufin asiri, sai dai wannan ba ya wanke abin da aka yi. Duk ajinmu ba wanda ya kai shi a labarin ƙasa. Mu huɗun nan da muka karɓi takardarmu muka ninke muka sa a aljihu, ba wanda ya ce uffan a ofishin. Har yau in maganar ta taso a majalisa, sai wani ya yi maza ya jawo zancen ƙwallo.

Ɗayanmu da ya karanta tarihi a Samaru shi ya kawo mana amsar tambayar da aka yi wa Malam, bayan shekaru. Manyan da suka ja zaren da ke tsakaninmu da Nijar su ne Ingila da Faransa. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, a 1890 suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi: arewa na Faransa, kudu na Ingila. Waɗanda suka sa hannu ba su taɓa taka wurin ba. A 1898 suka sake zama, suka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, irin yadda muke yi a darasin lissafi. Sai Faransawa suka tarar rabonsu ba ruwa, ayarinsu ba zai iya tashi daga Kwara ya kai Damagaram ba sai da baƙar wahala. Suka yi ta ƙorafi har 1904, shekarar da ƙasashen biyu suka yi wani babban sulhu a kan rigingimunsu na sassan duniya. Faransa ta haƙura da wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, tsibirin da ke cikin Kanada a yau, cikin abin da aka ba ta a madadi kuwa har da matso da iyakar nan kudu. Da haka ƙasar Konni da ta Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 wani hafsan Ingila mai suna O'Shee da na Faransa mai suna Tilho suka bi daji suna kafa turaku, guda 148, tun daga Kwara har Chadi.

Da mai tarihin namu ya kai aya, Ɗan Faranshi ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wato saboda kifi na rasa jami'a."

Kada dai a ɗora wa Turawa komai. Rabuwar Katsina da Maraɗi ta girmi zuwansu. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka koma arewa suka kafu a Maraɗi, suka shekara da shekaru suna kai wa Katsina hari, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Mu Zazzagawa mun fi kowa sanin irin wannan, don namu sarkin na lokacin, Muhammadu Makau, kudu ya nufa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Garin nan ne ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunansa ya koma Suleja, sarkinsa kuma har gobe Sarkin Zazzau ne. Ashe amsar da aka daki ɗayanmu a kanta sunan ɗan Sarkin Zazzau ce. Abin da ya bambanta mu da Katsinawa sa'a ce kawai: Zazzau biyu suka faɗa cikin ƙasa ɗaya, Katsina biyu suka faɗa cikin ƙasa biyu. Da ƙasashen Afirka suka sami 'yanci, shugabanninsu suka taru a Alƙahira a 1964 suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su, don tsoron in aka fara warwara ba a san inda za a tsaya ba. Mun sha gardama a kan wannan. Yawancinmu muna ganin sun yi daidai, ko don Bakassi, wadda sai da kotun duniya ta raba gardama a 2002, da Sudan, wadda ta rabu biyu a 2011 jini bai tsaya ba.

Baba bai taɓa shiga irin wannan gardamar tamu ba. Shi a wajensa iyaka ƙofa ce da take a buɗe shekara da shekaru, har ka manta da ita, sai rana ɗaya a rufe. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS, wadda shi yake kira Sedeyawo, suka amince mutanensu su riƙa shige da fice ba biza, kuma haka yake zuwa gida duk bayan kaka da ɗan buhunsa. Amma yana tuna 1984, da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki daidai lokacin da fari ya ƙone amfanin gona a Nijar, yana nan Zariya da hatsi a hannu ba hanyar aikawa. Yunwar shekarar, mutanen can El-Buhari suka sa mata suna. An sake rufewa a Agustan 2019 har Disambar 2020.

Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Cikin 'yan kwanaki ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take ba Nijar, har ana maganar yaƙi. A cikin Agustan nan aka bugo wa Baba waya cewa ƙanwarsa, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, tana kwance, sunansa take kira. Baba ya haura saba'in, ga ciwon ƙafa. Ya ce, "Ku kai ni in tahi in gane ta."

Muka ce, "Baba, boda a rufe take."

Ya ce, "Ku dai kai ni."

Mu uku muka raka su, shi da ɗansa, a motar ɗayanmu. Funtuwa, Malumfashi, Kankiya, muka kwana a Katsina, da safe muka kama hanyar Jibiya da addu'a a baki, don kowa ya san halin da hanyar take ciki. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kusan tafiyar Zariya zuwa Kaduna ce. A Magama manyan motoci sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna jiran abin da ba su san ranarsa ba. Jami'an ba su wulaƙanta mu ba. Ɗaya ma ya gaida Baba da ladabi, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, umarni ne daga sama."

Muna komawa mota wani yaro mai babur ya biyo mu, ya rage murya ya ce zai iya kai tsohon ta gona. Mun yi ta ja, muna lissafa haɗari, Baba yana sauraronmu kamar masu magana da wani yare. Daga ƙarshe muka bi yaron zuwa bayan wani ƙauye. Gero ya yi kai, ko'ina kore shar. Baba ya dogara sandarsa ya dube mu ya ce, "Ku da kunka yi lakwal, ku gwada mani inda take."

Muka duba gabas, muka duba arewa. Ɗayanmu ya ciro waya ya buɗe taswira. Layin yana nan a gilashi, shuɗin ɗigon da yake nuna inda muke yana ta rawa a gefensa, a ƙasa kuwa kunyoyin gero ne suka miƙe har inda ido ya ƙare, ko ɗaya bai karkace ba. Yaron ya nuna wani gawo ya ce an ce daga can ne, gonar ma ta kawunsa ce, rabi nan rabi can.

Baba ya hau bayan yaron, Ɗan Faranshi ya hau wani babur ɗin, suka shige cikin gero. Mu muka tsaya, kowa da katin ɗan ƙasa a aljihu da takardar asali a gida, ba wanda ya iya ƙara taku ɗaya. Muna nan har ƙarar baburan ta ɓace.

Sun same ta da rai, ta gane shi, bayan kwana biyu ta cika. Abokinmu ya dawo bayan addu'ar bakwai ta hanyar da ya bi. Baba ya ce ƙafarsa ba za ta sake ɗaukar babur ba, zai jira a buɗe ya dawo a mota kamar mutum. A cikin sanyin shekarar ya kwanta, kwana uku, shi ma ya tafi. A ƙauyensu aka binne shi, kusa da ita. Mu da muka shekara talatin muna shan shayinsa, rabi bashi, ba wanda ya sami sallarsa. A ƙofar gidansa na Gyallesu muka shimfiɗa tabarmi muka karɓi gaisuwa, matarsa ta yi takaba a ɗakin da ya bar ta. A Maris na 2024 aka buɗe iyakar.

Ran 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ƙasashen ƙungiyar suka koma 12. Kwanan baya muna zaune a majalisa bayan la'asar, 'yar Ɗan Faranshi, wadda take aji biyar, ta fito da littafin aikin gida. Ta riga ta cika ta farko da kanta: ƙasashen da suka yi iyaka da Najeriya ta ƙasa, Nijar, Chadi, Kamaru, Benin. Ta biyun ce ta tsayar da ita. Littafinsu ya ce ƙasashen ECOWAS 15 ne, ga sunan Nijar a ciki, ita kuwa ta ji a rediyon shago ana cewa 12.

Ta ce, "Abba, wanne zan rubuta?"

Duk muka yi shiru, har mai tarihin. Uban ya karɓi littafin ya daɗe yana duban ɗan zanen Afirka ta Yamma da ke shafin, sannan ya ce, "Me malaminku ya ce?"

Ta ce, "Sha biyar."

Ya miƙa mata littafin ya ce, "To rubuta sha biyar. Amma ajiye biron nan, ɗauko fensir."